Ruwan Sha Daban, Ruwan Mota Daban

  Ina gaida iyayenmu da ke gida. Ina gaida direbobin da ke kan hanya suna tafe suna jinmu. Ina gaida makanikai a gareji, da masu cajin batir a bakin kasuwa, da yaransu da ke koyon sana'a. Sharhinmu na yau naku ne.

Yau a kan ruwa za mu yi magana, ruwan da muke zuba wa mota. Manyan wurare biyu da mota take buƙatar ruwa su ne lagireto da batir. A wuraren nan biyu ne da yawa daga cikinmu suke jawo wa kansu asara da hannunsu, ba tare da sun sani ba. Maganar gaba ɗaya ga ta a taƙaice: ruwan sha daban, ruwan mota daban. Ruwan da ya dace da cikinka ba lallai ne ya dace da cikin injinka ba. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta dawowa kanta.

Bari mu fara daga tushe. Mene ne a cikin ruwan nan da muke gani garai-garai?

Kafin ruwa ya iso rijiya ko burtsatse, ya ratsa ƙasa, ya ratsa duwatsu. Duk inda ya bi yana narkar da wani abu, yana tahowa da shi. Akwai sinadarin kalsiyam. Akwai magnesiyam. Akwai ƙarfe, akwai gishiri iri-iri. Ruwan famfo kuma hukumar ruwa tana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Duk waɗannan narkakku ne, ido ba ya ganinsu. Ƙyalle ba ya tace su. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya raba ruwa da su. Ko tafasawa aka yi, ƙwayoyin cuta ne za su mutu, gishirin yana nan.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan. Sun san rijiya mai zartsi, wadda sabulu ba ya kumfa da ruwanta. Sun san burtsatsen da ruwansa yake barin jan tabo a bokiti, kuma wannan jan ƙarfe ne da ruwan ya ɗauko daga ƙasa. Yankinmu yana da wurare masu dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa don yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan fito ɗauke da kalsiyam mai yawa.

In kana son ka ga abin da idonka, leƙa cikin butar mai shayi da ta daɗe a kan wuta. Za ka ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, tauri kamar dutse. Ba wanda ya zuba shi. Ruwa ne ya tafi a tururi, ya bar kayansa a baya. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya yi kauri. To, abin da ke faruwa a butar nan shi ne yake faruwa a cikin injin motarka.

Ga jikin ɗan'adam, yawancin sinadaran nan ba su da illa. Kalsiyam ma ƙashi yake ginawa. Amma inji ba shi da hanyar fitar da su. Abin da ya shiga ya zauna ke nan. Shi ya sa muka ce ruwan sha daban, ruwan mota daban.

To, wane ruwa ne na mota? Shi ne wanda aka fi sani da ruwan batir. Yadda ake yinsa ba wuya. Ana tafasa ruwa, a tare tururinsa, a sanyaya shi ya koma ruwa. Gishiri da ƙarfe ba sa bin tururi, a tukunya suke tsayawa. Wasu kamfanonin kuma suna bi da ruwan ta cikin na'urar da ke zuƙe sinadaran. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ake samu ɗaya ne: ruwa zalla, ba gauraye.

Yanzu mu juya ga lagireto.

Inji da wuta yake aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da yake ƙonawa, ruwa ne yake kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin ƙananan hanyoyi a jikin inji. Ruwan ya ɗebi zafi, ya wuce lagireto. A can ya rarrabu cikin siraran bututu, iska da fanka su sanyaya shi, ya sake komawa. Haka yake ta zagaye muddin inji yana kunne.

In ruwan mai zartsi ne, ɓarna biyu yake yi. Ta farko ita ce ɓawon nan. Yana mannewa a inda ya fi zafi, yana hana zafin ƙarfe ratsawa zuwa cikin ruwa. Yana toshe siraran bututun lagireto ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana nan cike, fanka tana juyawa, amma allura tana ta hawa. Ɓarna ta biyu ita ce tsatsa. Gishiri da kulorin suna cin ƙarfe, suna cin alminiyam. Shi ya sa za ka buɗe lagireto ka tarar da ruwa ja jawur kamar an dama laka. Wannan jan jikin injinka ne yake narkewa a hankali. Daga nan sai famfon ruwa ya fara yoyo. Sai inji ya ɗauki zafi a tsakiyar hanya. Sai gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Wani lokaci kan injin ya lanƙwashe, sai an kai shi an goge, ko a nemi wani.

Akwai wata al'ada da nake so mu duba da kyau. Direbobi da yawa, kullum da safe sai sun buɗe bonet sun ƙara ruwa. Suna ganin kula ce, kuma niyyarsu mai kyau ce. Dubawa kullum abu ne mai kyau. Amma mota mai lafiya ba ta neman ƙarin ruwa kowace safiya, domin hanyar ruwanta a rufe take. In kullum sai ka ƙara, to akwai inda yake zurarewa. Ruwa ba ya tsami banza. Ko tiyo ya tsage, ko lagireto ya huje, ko murfinsa ya saki. Kuma duk butar da ka ƙara, sabon gishiri ka ƙara. Ruwan zai tafi, gishirin zai zauna. A nemo inda yake yoyo a gyara, shi ne magani.

To, wani zai ce, shi ke nan, sai in cika lagireto da ruwan batir zalla. A nan ma sai an yi hattara. Ruwan batir ba ya barin ɓawo, gaskiya ne. Amma shi kaɗai ba ya hana tsatsa. Duk inda ruwa da iska da ƙarfe suka haɗu cikin zafi, tsatsa za ta zo. Abin da lagireto yake so shi ne ruwan batir haɗe da kulant, wato ruwan nan mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda, da ake sayarwa a galan.

Na san abin da ake faɗa a gareji. Ana cewa kulant na ƙasashen sanyi ne, don kada ruwa ya daskare, mu kuwa ina ruwanmu da ƙanƙara? Rabin maganar gaskiya ne. Hana daskarewa ɗaya ne daga cikin ayyukansa, kuma wannan bai dame mu ba. Amma yana da wasu ayyuka biyu da mu muka fi kowa buƙatarsu. Na farko, a cikinsa akwai magungunan da ke lulluɓe ƙarfe da alminiyam su hana su tsatsa. Na biyu, yana jinkirta tafasa. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100. In aka haɗa shi rabi da rabi da kulant, kuma murfin lagireto yana riƙe da iska yadda ya kamata, sai ya haura digiri 120 bai tafasa ba. Ku tuna da bazararmu. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin rana yana wuce digiri 40 a inuwa. Ga lodi, ga cunkoso, ga na'urar sanyi a kunne. Wannan tazarar ita ce take raba wanda ya isa gida da wanda ya kwana a daji.

Akwai kuma maganar dattawan sana'a. Za su ce, tun zamanin Fijo muke zuba ruwan rijiya, me ya faru? Wannan magana tana da tushe, kuma muna girmama masu ita. Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, gangar injinta ƙarfen zubi ne mai kauri. Lagiretocin wancan zamani na tagulla ne. In sun toshe, mai gyara ya kwance su, ya zura ƙarfe ya fasa toshiyar, ya like ya mayar. Motocin yau ba haka suke ba. Yawancinsu injin alminiyam ne. Lagireto ma alminiyam ne da kan roba, bututunsa sirara ƙwarai. Suna aiki da zafi mai yawa, kuma ba su da haƙuri da tsatsa. Abin da Fijo ta jure shekara da shekaru, motar yau ba za ta jure shi ba. Mota ta canza, dole hannun da ke kula da ita ya canza.

In za ka sayi kulant, karanta jikin galan, ko ka sa a karanta maka. Akwai wanda an riga an haɗa shi, zubawa kawai za ka yi. Akwai mai kauri, wanda za ka haɗa rabi da rabi da ruwan batir. Kada ka ce tunda yana da kyau bari in zuba mai kaurin zalla. Ruwa ya fi shi iya kwashe zafi, saboda haka kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa. Kada ka gauraya iri biyu da ka. Launi ba ya nuna iri, littafin motarka shi ne zai gaya maka wanda ya dace da ita. Maganin tsatsar da ke cikinsa kuma yana ƙarewa. Tsohon iri yakan yi kamar shekara biyu, sabon iri yakan kai biyar, daga nan sai a zubar a wanke a sa sabo.

Ga wani gargaɗi ga iyaye. Kulant guba ne, kuma yana da ɗan zaƙi a baki. Launinsa yana kama da lemon kwalba. Kada a juye shi a robar lemo. Kada a ajiye shi inda yaro zai kai hannu. Wanda aka zubar daga mota kada a bar shi kwance a ƙasa, awaki da kaji da karnuka su sha. In yaro ya sha, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiran ganin alama.

To, in abu ya same ka a hanya fa? Kana tsakanin Kano da Maiduguri, allura ta hau ja, ba shago ba gari. A nan da babu gara ba daɗi. Ruwa mai tsabta kowane iri ya fi barin inji ya ƙone. Amma ka tsaya ka kashe mota, ka ba ta lokaci ta huce sosai. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan a matse yake, zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. In ka isa gari, ka sa a gyara yoyon, a zubar da ruwan hanya, a mayar da na gaskiya. Ruwan larura na larura ne, ba na zama ba.

Jama'a masu sauraro, mun gama da lagireto. Yanzu mu koma kan batir, domin a nan maganar ta fi tsauri.

Batir ɗin mota tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irinsa a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai canza ba. A cikinsa akwai gida 6. Kowane gida yana da farantan dalma a jiƙe cikin ruwa mai asid. Kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne, sauran ruwa ne. Gidajen nan su suke haɗuwa su ba da bolt 12 ɗin da ke tayar da mota.

Ku saurari wannan da kyau. In batir yana caji, ruwan cikinsa ne yake raguwa. Wani ya tafi saboda zafi, wani wutar ta raba shi ya koma iska. Asid ɗin ba ya tafiya ko'ina, yana nan. Saboda haka in ka ga ruwan cikin batir ya yi ƙasa, ruwa ne ya ragu, ruwa za ka mayar. Wanda ya ƙara asid ya sa abin ya yi kauri fiye da kima, sai ya riƙa cin farantan. Ranar farko za ka ga kamar batir ya farfaɗo. Bayan ɗan lokaci sai ya mutu gaba ɗaya. Ina roƙon 'yan'uwanmu masu cajin batir su duba wannan. Sabon batir da ya zo a bushe shi ake cika wa asid, ko wanda ya kife ya zube. Wanda ruwansa ya ragu, ruwa kawai yake nema.

Kuma ba kowane ruwa ba. Ƙarfen da ke cikin ruwan burtsatse, ko ɗan kaɗan ne, yana sa batir ya riƙa zubar da cajinsa yana zaune. Kulorin da gishiri suna cin farantan. Kuma abin da ya shiga batir ba ya fita, ba a wanke shi kamar lagireto. Shi ya sa za ka ajiye mota kwana biyu, ka zo ka murza makulli, ka ji shiru. A lagireto mun yarda akwai larura. A batir babu uzuri, domin batir yana iya jira ka je ka sayo ruwansa. Ruwan sha daban, ruwan batir daban.

In za ka ƙara, ka ƙara bayan batir ya yi caji, sai fa in farantan sun fito fili, to ka rufe su tukuna. Ka tsaya a kan alamar da ke jiki, kada ka cika shi maƙil ya riƙa tumbatsa. Kada ka leƙa ciki da ashana, kada ka sha taba a kusa. Iskar da batir yake fitarwa, haidurojin, tana kamawa da wuta, tana fasa batir a fuskar mutum. In asid ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, a tafi asibiti. In kuma batir ɗinka yana yawan shanye ruwa, kai motar wurin mai wayarin, wataƙila caji ne yake yi masa yawa. Batir ɗin da ya zo a rufe ruf, ba marafai, ba a ƙara masa komai, kada a ɓalle shi.

Wannan magana ba ta masu mota kaɗai ba ce. Yau gidaje da shaguna da masallatai da yawa suna da sola da inbata. Dogayen baturan nan masu marafai a sama, irin aikinsu ɗaya da na mota. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Uwargida, in maigida ya yi tafiya ya bar miki kula da su, kada ki bari yaro ya ɗebo ruwan randa ya zuba. Ruwan batir kawai.

Saura tambayoyi uku da na san suna ranku. Fiya wata fa? An yi shi ne don sha, kuma sinadaran nan suna iya kasancewa a cikinsa. Ba ruwan batir ba ne. Ruwan sama fa? Daga sama yakan sauko kusan zalla, amma in ya bi ta kan kwano ya kwashi ƙura da tsatsa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki fa? Shi ma ba shi da zartsi, amma ya bi ta kan ƙarfe da ƙura. In larura ta kama, waɗannan biyun, in an tace su, sun fi ruwan burtsatse a lagireto. Batir kuwa a ba shi nasa.

Sannan ba kowace kwalba da aka rubuta wa ruwan batir ce take ɗauke da shi ba. Ka saya a wurin wanda ka amince da shi, ka duba murfin a like yake. Ga gwaji mai sauƙi. Ɗiga ɗigo biyu a kan gilashi mai tsabta, ka ajiye a rana inda ƙura ba za ta sauka ba. In ya bushe ya bar farin tabo, ruwan yana da gauraye. Na gaskiya ba ya barin komai.

Na san halin da ake ciki. Kuɗi ya yi wuya, mai ya yi tsada, kowa yana lissafi. Amma ku auna da kanku. Ɗauki kuɗin galan ɗin kulant da kwalbar ruwan batir, ka ajiye gefe guda. Ɗauki kuɗin gaskit da aikin makanike da sabon batir, da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo komai, ka ajiye ɗaya gefen. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, jama'a masu sauraro, ga saƙona gare ku. Direba, gobe da safe kafin ka tayar da mota, buɗe ka duba launin ruwan lagiretonka. In ja ne, kai ta a wanke. Mai mota, ba direbanka kuɗin ruwan da ya dace, kada ka bar shi da jarkar burtsatse. Oga makanike, yaranka abin da suka ga kana yi shi za su yi har su buɗe nasu garejin, to koya musu daidai. Mai cajin batir, wanda ya kawo maka kayansa amana ya ba ka, ka riƙe ta. A lagireto, kulant da ruwan batir. A batir, ruwan batir kaɗai. Ruwan sha daban, ruwan mota daban.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu.